Durƙuson da Ya Kifar da Kwalekwale

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da Allah zai ara mini shekarun Annabi Nuhu, da safiyar da aka ba ni mata a cikin Bahar Maliya, na kuma yi wa kaina sanadin rasa ta. Har yau ina cikin salla sai abin ya faɗo mini, in ji kunnuwana sun ɗau zafi, in rasa a raka'a ta nawa nake. Wanda duk ya taɓa jin labarin nan dariya yake yi har ya riƙe ciki. Kai ma ka yi abarka, ban hana ka ba. Ni dai tawa dariyar ta daɗe da ƙarewa.

Ni mutumin Yawuri ne. Aikin gwajin jini ya kawo ni Jidda, wani asibiti mai zaman kansa shi ne kafilina, wato shi ya ɗau nauyin zamana a ƙasar. A unguwar Safa nake zaune, a wani bene, ni da wani abokina injiniya ɗan Gusau mai suna Sabo, kowa da ɗakinsa. Lokacin na ba arba'in baya, aurena na fari kuma ya mutu tun ina gida. In na taso daga aiki babu mai ce mini sannu da zuwa sai ƙugin na'urar sanyaya ɗaki, in ci shinkafar leda a tsaye, in kwanta ina kallon silin. Wanda bai yi zaman gwauro a ƙasar mutane ba, ba zai gane irin wannan shirun ba.

Hanan a ɗakin ba da magani na asibitin take aiki. Na daɗe ina wucewa ta gaban tagarta ina ɗaukarta 'yar Sudan, sai wata rana ina waya da mahaifiyata a wajen, ina gamawa na ji an ce, "Ka gaida Hajiya da kyau." Na waiga ban ga kowa ba sai ita, tana ƙirga ƙwayoyi kamar ba ita ta yi magana ba. Ashe kakan babanta ne ya tako da ƙafa daga Haɗeja zuwa aikin Hajji, bai koma ba. Hausarta rabi ce, rabin Larabci ne, in ta ce "Abdullahi" daga can cikin maƙogwaro take ɗauko shi. Ita ma bazawara ce, mai yawan dariya, mai faɗin magana kai tsaye. Da magana ta yi nisa ta ce, "Halas, Malam, surutun taga ya isa. Ka je gidanmu a unguwar Ruwais ka ga Baba."

Na je. Tun daga bakin titi na cire takalmi na riƙe a hannu. Ina shiga falo na zube a bakin ƙofa na durƙusa, kaina a ƙasa, na shiga jero gaisuwa. Tsohon, Ammu Bakur suke ce masa, dogo ne baƙi mai farin gemu, ya yi aikin tashar jiragen ruwa har ya ajiye. Ya miƙo mini hannu, na ƙi ba shi nawa (a garinmu wa ya isa ya yi musabaha da suruki?). Ya nuna mini kujera, na ƙara lafewa a ƙasa. Aka kawo abinci, na rantse na ƙoshi, alhali rabona da abinci tun karin kumallo. Ina ji ya juya ya tambayi ɗansa Fahad da Larabci, a hankali, wai ko baƙon nan ciwon baya gare shi. Su mutanen nan da aka haifa a Jidda ba su san irin wannan kunyar tamu ba. Surukinsu suna cin abinci kwano ɗaya da shi, har su yi musun ƙwallo.

"Ya waladi, ɗana, kai mutumin ina ne a can?" in ji tsohon.

"Yawuri, Baba."

Sai na ga fuskarsa ta washe. Wai kakansa ya sha ba shi labarin kogin Kwara, da mutanen Yawuri waɗanda ake haifa a cikin jirgi, su yi wayo a cikin ruwa. "Ku ne masu kama kada da hannu," in ji shi.

Na ce, "Haka ne, Baba."

To, bari in faɗa maka gaskiyar da ban faɗa masa ba. Ubana atamfa yake sayarwa a kasuwa. Mahaifiyata kuwa ƙanenta kogi ya ci, saboda haka tun ina yaro in aka ce an gan ni a hanyar bakin ruwa, ranar sai na kwana da tabon tsumagiya. Na girma a gefen Kwara ban taɓa sa ƙafata a ciki ba. Ban iya iyo ba, ko na kare. Amma a yadda aka raine ni, in suruki ya ce rana daga yamma take fitowa, "haka ne" za ka ce, ka bari sai ka fita waje ka duba. Ba ƙarya na yi niyya ba, Allah ya sani. Baki ne kawai ya ƙi buɗuwa da kalmar a'a.

Na yi ta zarya Ruwais, ina durƙuso ina komawa gida da yunwa, tsoho bai ce na ba ka ba, bai ce na hana ka ba. Da na dami Hanan sai ta ce in kwantar da hankalina, Baba ba ya yanke babbar magana a ɗaki. Duk mazan yayyenta a bahar aka ba su amsa. Zai ɗauki mutum su fita kamun kifi su biyu, abin da ya gani a can shi ne hukuncinsa. "Ya ce ka shirya ranar Asabar bayan asuba. Kai da kake ɗan Yawuri, wannan ai wasa ne a wajenka."

Nan ma na samu damar faɗin gaskiya, na bar ta ta wuce. Namiji a gaban macen da yake nema, ka san yadda muke.

Sabo ne kaɗai ya san halin da nake ciki. Ya ajiye cokali ya dube ni ya ce, "Kai da ko a banɗaki ruwa ya shiga maka hanci sai ka yi salati? Ka kira yarinyar nan ka gaya mata." Na ce ai an ce wurin ba zurfi. Ya ce, "To, Allah ya kiyaye. Ka dai bar mini lambar Hajiya."

Ranar Asabar Fahad ya biyo ya ɗauke ni, tsoho yana gaba, kwalekwale biyu ɗaure a saman mota. Kayak suke ce musu. Ni da na ji ana cewa jirgi, na zaci irin namu ne na katako, mai faɗi, wanda ake loda buhunan albasa da babur har da saniya. Ashe wani ɗan siririn abu ne na roba, rawaya, kamar ɓawon ayaba, ba a ma shiga cikinsa, a kansa ake zama. Muka yi arewa, muka wuce Abhur, har muka sauka daga titi zuwa wani lungu na gaɓa inda ruwan ya kwanta lamo. Tsoho ya riga ya gama maganar izini da masu tsaron gaɓa, ya san su sun san shi. Na bar katin iƙamata na izinin zama da waya a mota (wannan ne kaɗai abin hankalin da na yi a ranar). Kafin mu fito Hanan ta turo mini saƙo cewa in kula mata da Baba, yana da ciwon sukari, in tuna masa ya ci dabino in rana ta ɗaga.

Fahad ya miƙo mini rigar nan mai hana nutsewa. Na kai hannu ke nan tsoho ya ce, "Haba Fahad, ɗan Yawuri za ka ba wannan? Kada ka zage shi." Na janye hannuna a hankali. Na ce, "Haka ne, Baba." Aka cusa rigar a bayan jirgi ina kallonta.

Sai maganar zama. Namu mai ɗaukar mutum biyu ne, Fahad yana da nasa shi kaɗai. Tsoho ya ɗaure futarsa, wato zanen nan da mazan bakin teku ke ɗaurawa, ya sa singileti da malafa, ya haye kujerar baya, ya nuna mini ta gaba.

"Baba, ni in zauna a gabanka in ba ka baya?"

"Mai tuƙi a baya yake zama. Yalla."

Haka na zauna, ƙeyata a fuskar surukina, ƙafafuna a miƙe ɗoɗar kamar mai jiran a yi masa tausa. Da wani daga garinmu zai hango ni a lokacin, da ya ce yaron nan Jidda ta lalata shi. Aka ba ni filafili mai baki biyu. In na tsoma dama jirgi ya yi hagu, in na ɗaga sai in watsa wa tsoho ruwa a fuska. Ya share gilashinsa ya ce, "Haka kuke tuƙi a Kwara?" Ka riga ka san amsar da na ba shi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne hasken ruwan. Kogin garinmu ja ne, ba ka ganin abin da ke ciki, sai ka ce babu komai. Wannan kuwa garau yake, kana ganin yashi, kana ganin duwatsun murjani da ƙananan kifaye masu launi suna kai da kawowa, da wasu baƙaƙen abubuwa masu ƙaya kamar bushiya a maƙale a jikin dutse. Ban iya gane zurfinsa ba. A idona duk rijiya ce. Na ƙanƙame gefen kujera ina karanta duk addu'ar da na haddace, har da ta shiga kasuwa.

Shi kuwa tsoho ya zama wani mutum dabam. Muryarsa ta yi taushi, yana ba ni labarin kifin da muka fito nema. Najil sunansa, ja ne jawur da ɗigo-ɗigon shuɗi, kifin da mutanen Jidda ke ajiye wa babban baƙo. Yana zama ne a bakin murjani, daidai inda tudun ruwa ya ƙare zurfi ya fara. In ya haɗiyi ƙugiya sai ya ruga raminsa, in ba ka yi saurin ɗago shi ba dutse ya tsinke zaren. Ya ce ya daɗe rabonsa da kama babba, ƙarfin hannu ya ragu, 'ya'ya kuma sun fara yi masa maganar ya haƙura da bahar. Ya saƙala mini jatan lande a ƙugiya ya miƙo ta kafaɗata, na karɓa da hannu biyu a karkace, jirgi ya yi wani layi.

Kamun da na yi a ranar bai wuce biyu ba. Na farko dutse. Na biyu ƙafar wandona. Ga rana ta fara ɗagawa, ga fitsari ya cika mini mara, kuma in mutu ya fi mini sauƙi a kan in ce wa suruki ina jin fitsari. Dabinon ma da aka ce in tuna masa, na kasa, don ban san yadda ake ce wa babba "ci abinci" ba tare da an juyo an dube shi ba.

Can sai na ji jirgi ya girgiza, sandar tsoho ta lanƙwashe. "Bismillah," in ji shi, can ƙasa-ƙasa. Ina jin numfashinsa a bayana, yana ja yana sassautawa, yana yi wa kifin magana da Larabci kamar mai lallashin jika. Ni ko waiwaye ban iya yi ba. An jima ana wannan dambe, iska kuma tana tura mu baya-baya zuwa wajen tudu, ban ma lura ba. Daga ƙarshe na ji ya sa 'yar komarsa ya kwaso shi, abu ya faɗo jirgi yana bugun roba da jela. Na saci kallo ta gefen ido. Wallahi kifin ya kai tsawon hannuna, ja kamar an tsoma shi a manja. Tsoho yana dariya irin ta yara. Ya cire ƙugiyar, ya danne kifin a cinyarsa, ya ɗaga wa Fahad hannu.

Fahad ya matso da nasa jirgin, ya zaro waya daga leda ya saita mu. (Daga baya na ji cewa haka ake yi wa kowane suruki a gidan, a ɗauki hoton bidiyon lokacin a ajiye don tarihi. Nawa tarihin yana nan a ajiye.)

Tsoho ya yi gyaran murya. Ya bar Larabci gaba ɗaya, ya ɗauko wata tsohuwar Hausa da ban taɓa ji a bakinsa ba, ina jin ta kakansa ce.

"Ɗana, na lura da kai. Ladabinka ya yi yawa har yana gajiyar da ni, amma ban ga mugunta a tare da kai ba. Na ba ka Hanan. Allah ya sa albarka. Ga najil, shi ne tukuicin zuwanka, karɓi."

Jama'a, ku yi mini adalci a nan. An ba ni mata. Uban yarinya da bakinsa. Ni kuma ina zaune na ba shi ƙeya, na miƙe ƙafa. A duk zuriyarmu babu wanda aka taɓa ba mata yana zaune a kan ɗuwawunsa. Ban yi shawara da kaina ba, jikina ne ya yi abin da aka koya masa tun yana ƙarami. Na ajiye filafili na yunƙura na miƙe tsaye.

"Ug'ud! Zauna!" in ji tsoho.

To ai ko a gida haka manya suke cewa. Ka durƙusa su ce "a'a, a'a, zauna abinka," kai kuma ka ƙara yin ƙasa, nan ake gane ɗan mutunci. Saboda haka da na ji ya ɗaga murya, sai na ce a raina lallai tsohon nan ya san ya kamata. Na juyo gare shi, na kai gwiwa ɗaya kan gefen jirgi, na tara hannu biyu, na sunkuyar da kai.

"Baba, na go..."

Ban ƙarasa ba. Sama ta koma ƙasa.

Gishiri ya cika mini hanci da baki. Na tabbata tawa ta ƙare, ga ƙanen Hajiya can yana jirana. Na shiga laluben duk abin da hannu ya samu. Na cafki wani ƙyalle na ja da ƙarfin mai ceton rai, ya biyo ni. Na cafki wani abu mai kauri na ɗare shi, na naɗe shi da ƙafafu, ashe wuyan surukina ne. In kaina ya fito in yi kalmar shahada, in ya sake fitowa in kira "Inna!", ni mai shekara arba'in da ɗoriya. Har wasiyya na bari, cewa a gaya wa Hajiya ta yafe mini na shiga ruwa. Duk wannan yana cikin wayar Fahad, murya tar, babu abin da iska ta ɓata.

"Ya akhi, gum! Miƙe tsaye kawai!" Fahad ke nan.

Na saki tsoho na sauke ƙafa. Na ji yashi. Na miƙe. Ruwan iyakarsa cibiyata.

Ammu Bakur ya taso a gabana yana tari. Babu malafa, babu gilashi, haƙoransa na roba sun tafi, silifansa suna yawo can gefe. Daga shi sai singileti da ɗan gajeren wando, futarsa kuwa tana hannuna na ƙanƙame ta a ƙirji. Najil ya bi ta tsakaninmu a hankali, ko sauri bai yi ba, ya nufi zurfi. Tsoho ya bi shi da ido. Sannan ya yamutsa fuska ya ɗago ƙafarsa ta hagu, sai ga baƙaƙen ƙayoyin nan sun cika masa tafin ƙafa da yatsu, jini yana bin ruwa.

Ka san abin da na yi? Na durƙusa in ba shi haƙuri. A cikin ruwan. Ya sake rufe mini kai, Fahad ya jawo ni ta wuyan riga.

Nan Fahad ya kasa daurewa, ya fashe da dariya har ya kusa bin mu. Tsoho ma, da ciwon da komai, ya buɗe bakin nan da ba haƙori ya yi ta ƙyaƙyatawa yana cewa, "Ɗan Yawuri, ɗan Yawuri." Da zagina ya yi, ko ya kwaɗa mini filafili, da na fi samun sauƙi. A mota yana ta zolayata, wai yanzu ya gane yadda muke kama kada, hawa wuyansa muke yi. Ni kaina yana tsakanin gwiwoyina har Safa. Da zan sauka ya ce, "Gobe ka zo mu ci abinci. A kan kujera."

Ban je ba.

Daga nan labarin ya daina ban dariya, in ma da ya yi. Na shiga ɗaki na kulle. Na gaya wa kaina cewa mutumin da ya tuɓe surukinsa, ya hau wuyansa, ba shi da idon da zai sake dubansa, ladabi shi ne in ja jiki har ƙura ta lafa. Hanan ta kira, ina kallon wayar tana haske har ta gaji. Ta sake kira. Ta turo saƙo tana dariya, wai ta kalli hoton har cikinta ya ƙulle, in kira ta. Ban kira ba. A asibiti na roƙi a canza mini lokacin aiki don kada mu haɗu, na koma bin matakalar baya. Wata ma'aikaciyar jinya da ashe 'yar'uwarsu ce ta gamu da ni a lif, ta tara hannu biyu ta ce, "Baba, na go..." Na tabbatar duk Hausawan Jidda, daga Ruwais har Mada'in Fahad, sun ga cibiyata.

Sai saƙon ya canza. Ƙafar Baba ta kumbura, ƙayoyin sun karye a ciki, sukari ya hana ciwon warkewa, an kwantar da shi. Ni ma'aikacin asibiti ne, na fi kowa sanin abin da wannan yake nufi. Na sayi kwalin lemo da tuffa na hau tasi har harabar asibitin da yake. Ina fitowa na hango Fahad a bakin ƙofa yana waya. Na ja da baya. Na koma cikin tasin na ce wa direba mu juya. Ni da Sabo muka shanye lemon, yana sha yana zagina.

Ƙarshenta na nemi hutuna na shekara tun lokacinsa bai yi ba, na gudu Yawuri. Na zayyana wa Hajiya komai, ina jiran ta yi faɗan shiga ruwa. Ko ta kansa ba ta bi ba. Ta ce, "Ka je ka duba shi?" Na ce kunya ta hana ni. Ta ce, "Ni na koya maka durƙuso, amma ban koya maka wannan ba. Wannan ba kunya ba ce. Tashi ka ba ni wuri."

Da na dawo Jidda na ja Sabo muka tafi Ruwais. Kwalekwalen rawaya yana jingine a tsakar gida, ƙura ta rufe shi. Tsoho yana falo, ƙafa a naɗe a kan matashi, sanda a gefensa. An yanke masa yatsu biyu, likita kuma ya ce shi da bahar sai dai kallo. Ya rame. Na fara lanƙwasa gwiwa ya ɗaga hannu.

"Wallahi in ka durƙusa Fahad zai fitar da kai. Zauna nan."

Na zauna a kujera, karo na farko a gidan. Na fara ba da haƙuri, ya katse ni. Ya ce bahar ba wanda ba ta kayar ba, shi ma ta sha kayar da shi, yatsu kuma kwanansu ne ya ƙare. "Abin da na faɗa a kan ruwa ban janye ba, ni ba na mayar da kyauta. Amma ba ni zan zauna da kai ba. Mai maganar tana nan, ka ji daga bakinta."

Hanan ta shigo da shayi ta ajiye. Ba ta zauna ba. Ba ta kuma ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga.

"Malam, ranar da ka kifar da Baba na yi dariya har da hawaye. Na ce wannan mijin, jikokina sai sun gaji da labarinsa. Ban ji haushin ba ka iya iyo ba, wallahi ko kaɗan. Amma ni na kwana a kan kujera a asibiti. Duk wanda ya turo ƙofa sai Baba ya ɗaga kai ya ce ko ɗan Yawuri ne. Ina ba shi uzuri, yana da aiki, ba shi da lafiya, har uzurin ya ƙare mini. Ranar da aka shiga da shi tiyata ya daina tambaya." Ta gyara mayafinta. "Aure akwai ranar da za ka yi abin kunya, akwai ranar da ni zan yi. In kowace rana irin wannan sai na nemo ka a Najeriya, ba zan iya ba. Halas. Sha shayinka."

Na sha. Tsoho ya rako mu da ido har ƙofa, ya ce in riƙa leƙowa, gida nawa ne. Ya faɗa da zuciya ɗaya, abin da ya ƙara kashe ni ke nan.

Har yanzu ina asibitin nan, ina ɗakin nan na Safa. Sabo ya yi aure ya tashi. Hanan tana tagarta, in na wuce takan ce "Sannu, Malam," daidai yadda take ce wa mai kawo kwalayen magani. Na koyi iyo daga baya a wani wurin wanka da ake biya, tare da yara 'yan firamare, ko da yake ban san wanda zan nuna wa ba.

Saboda haka ga abin da zan bar maka, kyauta, ni na riga na biya. In suruki ya ba ka mata a cikin kwalekwale, ka gode masa a zaune, Allah yana ganin zuciyarka. In kuwa tsautsayi ya sa ka riga ka kifar da shi, to washegari ka wanke fuska ka je ka gaishe shi, ko da kana jin kunya za ta kashe ka a bakin ƙofa. Ba ta kisa. Ni na tsaya jiran ta kashe ni, ga ni nan da raina, ina cin shinkafar leda a tsaye.